Ranar Da Ruwa Ya Ƙi Hawa Bene

In dai cika baki ake magana, to a ajiye kowa a gefe a ɗauko Ƙwararre. Ba wani ne ya raɗa masa sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, har ya sa aka rubuta masa da jan fenti a jikin jakar kayan aikinsa don kada wani ya manta. Shekara talatin yana gyaran famfon banɗaki da toshewar magudana a gidajen mutane, kuma a shekara talatin ɗin nan babu gidan da ya taɓa shiga sau ɗaya ya gama. In ya gyara yau, jibi sai an sake kiransa. Shi kuwa gogan, a wajensa wannan farin jini ne.

Burinsa a duniya guda ɗaya ne tal: ofis. Ɗaki mai ƙofa, ƙofa mai makulli, da allo a jikin ƙofar, yadda duk mai son ganinsa sai ya ƙwanƙwasa ya jira. Ya gaji da a riƙa aiko masa a ce ya zo banɗaki ya toshe.

Ana nan sai wani attajiri ya gina bene hawa goma sha biyar, shaguna a ƙasa, gidajen haya a sama. Doka kuwa ta ce ba mai tarewa a sama sai an kafa bututun kashe gobara, wato ƙaton bututu da zai tashi daga ɗakin injin ruwa a ƙasa ya bi gefen matakala har saman rufi, a kowane hawa da bakin da ake jona mesa. In an gama, 'yan kwana-kwana su zo su gwada su sa hannu. Wadda ta yi lissafin aikin injiniya ce, kuma 'yar ƙanwar Ƙwararre ce. Uwarta ta zaunar da ita ta yi ta magiya, a taimaki kawu, a rufa masa asiri, ai ɗaura bututu ne kawai. Yarinya ta ji kunyar uwa, ta kai shi wajen mai ginin. Da ta san abin da ta ɗauko wa kanta, da ta toshe kunne.

Ranar da za ta tafi wani aikin na sati shida a gari mai nisa, ta miƙa masa fayil mai kauri.

"Kawu, komai yana nan ciki. Ruwa ba ya son hawa. Duk mita goma da ya hau, sai ya zubar da lamba ɗaya a agogon awo. Ginin nan mita hamsin ne, ka ga biyar sun tafi. Gogar da yake yi da cikin bututu ma tana cin nata, shi ya sa na rubuta inci shida tun daga ƙasa har sama. 'Yan kwana-kwana kuma bakwai suke son gani a can ƙarshe, mesa a buɗe, ruwa yana gudu."

"To."

"A buɗe fa, Kawu. Yana gudu."

"Ke, kurma kika ɗauke ni?"

"Waɗannan jajayen kuma bawul ne masu rage ƙarfi, na hawa na ɗaya zuwa na biyar. Ƙarfin da zai kai ruwa sama ya fi ƙarfin hannun mai riƙe mesa a ƙasa."

Ƙwararre ya ɗaga fayil ɗin yana auna nauyinsa a tafin hannu. "Shafi nawa ne wannan?"

"Arba'in da biyu."

"Arba'in da biyu! Duk a kan ruwa? Ruwan da nake sha tun kafin a haifi uwarki?"

Ta dai tafi abinta. Tana juya baya ya cusa fayil ɗin a jaka, ƙarƙashin sifanu da tsumma.

Mai ginin ya yi masa alƙawari a gaban mutane: in aka ci gwajin 'yan kwana-kwana, shi ne shugaban ruwa na ginin har abada, kuma ɗan ɗakin nan na ƙarƙashin matakala ya zama ofishinsa. Ɗakin kuwa na Inna mai shara ne, nan take ajiye bokitai da tsintsiyoyi da sandar goge ƙasa. Ƙwararre bai jira wani gwaji ba. A ranar ya karɓi makulli, ya watso kayan Inna waje, ya shigo da tebur da kujera mai juyi, ya kafa allon tagulla a ƙofa: SHUGABAN RUWA.

Inna ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallon bokitanta a warwatse. "Yanzu ina zan kai su?"

"Wannan ba matsalar ofis ba ce. In kina da ƙorafi, ki ƙwanƙwasa."

"Zan ƙwanƙwasa," in ji Inna. "Ka dai jira."

Sati guda ya wuce, bututun inci shida bai iso daga wajen masu sayarwa ba. Mai ginin ya riga ya sa ranar tarewa, masu haya sun ɗaure kaya, kullum wayarsa ba ta hutawa. Ya zo wajen aiki ransa a ɓace. Ƙwararre ya tare shi da murmushi har kunne.

"Yallaɓai, ka kwantar da hankalinka. Zo in nuna maka ilimin da ba a koyarwa a makaranta."

Ya ja shi gaban shagunan ƙasa, ya ɗauki tiyon da ake ba furanni ruwa ya buɗe. Ruwa ya zubo a kasale, ya faɗi gaban takalminsa.

"Ka ga wannan? Wannan shi ne inci shidan yarinya. Yanzu kalli."

Ya ɗora babban yatsa a bakin tiyo. Ruwa ya yi tsiri, ya tsallake mota biyu, ya sauka a kan wani yadi da tela ya shanya a ƙofar shagonsa.

"Ruwa kamar ɗan'adam yake, yallaɓai. In ka ba shi fili sai ya miƙe ƙafa. In ka matse shi, ya zabura. Mene ne amfanin ƙaton bututu? Gado za mu shimfiɗa masa? Ni zan fara da inci huɗu, a hawa na shida in koma biyu, a na sha ɗaya in koma ɗaya. Kafin ya kai rufi ya fusata. Wallahi sai mun riƙa ba shi haƙuri."

Tela ya fito yana matse yadinsa. Mutum ne siriri mai tabarau a kan hanci, kuma bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. "Ƙwararre, ni dai ɗinki na sani. Amma ban taɓa ganin an matse wuyan riga don kai ya fi saurin shiga ba."

"Wa ya sa da kai? Je ka yi kalmasa."

"Injiniya ta san da wannan?" in ji mai ginin.

"Yallaɓai, ni na goya ta fa. Abin da ta karanta a shekara biyar, ni a yatsan nan yake."

Mai ginin ya dubi yatsan, ya dubi wayarsa da ke ta ruri, ya ce a yi abin da zai fi sauri. Mai kuɗi in yana gaggawa, ko akuya ta ba shi shawara ɗauka zai yi.

Aiki ya kankama. Bututu ya tashi daga ƙasa da ƙibarsa, yana hawa yana ramewa, har tela ya sa masa suna wutsiyar ɓera. Da aka zo kan jajayen bawul ɗin nan masu rage ƙarfi, Ƙwararre ya ɗaga ɗaya ya yi tsaki.

"Munafukai! Muna nan muna neman ƙarfi, su aikinsu ragewa."

Ya kwashe su duka biyar ya kai ofis. Ɗaya ya tokare ƙofa da shi, ɗaya ya danne takardun da ba shi da su a kan tebur, sauran ya jera a taga don ado.

Ana saura kwana biyu gwaji ya sa mai gadi, wani dattijo mai sanyin hali, ya kunna injin. Shi kuma ya hau rufi ya tsaya gaban agogon awo, bakin bututu a rufe gam. Allura ta motsa, ta hau, ta hau, ta tsaya cak a kan takwas. Ƙwararre ya daka tsalle ya buga ihu har tantabaru suka watse. Ya ɗauki hoton agogon, ya ɗauki hoton kansa da agogon, ya aika wa mai ginin, ya aika wa ƙanwarsa, ya aika wa Injiniya. Ba a jima ba ta kira.

"Kawu, sannu da aiki. Na ga takwas."

"Ke bakwai kika nema. Na ƙara miki ɗaya kyauta."

"Mesa a buɗe take lokacin da ka ɗauka?"

"Me ya haɗa agogo da mesa?"

"Kawu, in baki a rufe yake, ko ta bututun biro ka bi da ruwa, takwas za ka gani. Ruwan da ke tsaye ba ya gogar komai. Ka buɗe ka ga abin da allurar za ta yi. Inci shidan dai ka sa ko?"

"Hello? Ba na jin ki. Hello?" Ya kashe waya. Ta sake kira sau huɗu, ya bar ta tana ruri a aljihu.

Amma maganar ta tsaya masa a rai. Washegari da hantsi ya lallaɓa rufi don ya buɗe mesar shi kaɗai, sai ya tarar da Inna tana shara, tela kuma ya hau shan iska. Komawa baya abin kunya ne, don haka ya ƙara buɗe ƙirji.

"Ku matsa can. Wanda ruwan nan ya doka, ba ruwana."

Ya jona mesa, ya kafa ƙafafu kamar mai shirin kokawa, ya murɗa. Mesa ta yi tari, ta yi feshi sau ɗaya mai ban tsoro, har tela ya ja da baya. Daga nan sai ta saki jiki. Allura ta gangaro daga takwas, ta wuce biyar, ta wuce biyu, ta kwanta kusa da sifiri. Abin da ke fitowa daga bakin ƙatuwar mesar bai fi a tsiyaya shayi a kofi ba.

Inna ta jingina da tsintsiya. "Ya fusata ke nan, ko da saura?"

"Iska ce a ciki."

Ya ɗauki sifana ya bi bututu da duka, ƙwal, ƙwal, ƙwal, daga rufi har hawa na sha biyu ya dawo yana haki. Ruwa bai ƙaru da ɗigo ɗaya ba.

"Ko dai nauyi ne ya yi masa yawa?" in ji tela. "A rage masa hawa biyar mana."

"Matsin ne bai isa ba! Na ba shi fili da yawa."

Nan take ya kwance gaɓar ƙarshe ta inci ɗaya ya ɗaura ta rabin inci, irin ta famfon wanke hannu. Aka sake kunnawa. Wannan karon ko shayin ma sai da aka jira shi. Inna ta tara murfin gora a bakin mesa, ta tsaya har ya cika, ta miƙa masa.

"Ungo, ka jiƙa maƙoshi. Ka sha aiki."

Mai hankali a nan zai ciro fayil ya buɗe shafin farko. Ƙwararre kuwa ɗakin inji ya nufa. Injuna biyu ne a ciki, ɗaya na aiki, ɗaya na jiran ko-ta-kwana. Ya tsaya yana kallonsu, sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke faɗo wa mutum in Allah ya so tona masa asiri. Ya yanke, ya yi walda, ya jona bakin na farko a cikin na biyu, yadda wannan zai tura wa wancan, wancan ya ninka.

"Injiniya ta ce na biyun ba a taɓa shi sai na farko ya lalace," in ji mai gadi a hankali.

"Baba, kai aikinka ƙofa. Ka taɓa ganin an ɗauki ma'aikaci ya zauna yana kallon ɗan'uwansa yana aiki? Gobe in na ce kunna, ka danna duka biyun."

"Ba za a gwada yau ba?"

"A zubar da ruwan tanki a banza? Abin da na tabbatar ba na gwada shi."

Ranar gwaji ta zo. Wani zai so a yi abin nan shiru a gama, amma ban da Ƙwararre. Ya sa an kafa rumfar yadi a saman rufi, an jera kujeru, ya gayyato masu haya da masu shaguna da duk wanda ya taɓa raina shi. Ya ci farin kwat na aro wanda hannuwansa suka rufe masa yatsu, ya kifa hular ƙarfe ruwan ɗorawa. A tsakiyar fili ya girke duro cike da guntayen katako da tsohuwar katifa. Wai gwaji ba wuta wasan yara ne, shi gobara ta gaske zai kashe a idon jama'a.

Katakon kuwa da danshi. Ya ƙyasta ashana ta mutu, ya ƙyasta ta mutu, mutane sun fara ƙus-ƙus. Ya laluba jaka neman abin hura wuta, hannunsa ya faɗa kan fayil. Ya yage shafukan, ya dunƙule, ya cusa a ƙasan katako. Takarda busasshiya, nan da nan ta kama, katifa ta karɓa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe.

"Yau dai ta yi amfani," ya ce, yana karkaɗe hannu.

Daidai nan lifta ta buɗe, mai ginin ya fito tare da shugaban 'yan kwana-kwana da mutanensa biyu. Shugaban ƙaƙƙarfan mutum ne mai furfura a gemu, fuskar nan kamar bai taɓa jin labarin dariya ba. Ya dubi rumfa, ya dubi duro, ya dubi mai farin kwat.

"Wa ya kunna wuta a nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Shugaban ruwa."

"Wa ya ce ka kunna? Mu agogo muke dubawa da gudun ruwa. Ina takardun lissafi?"

Inna da ke tsaye a baya da bokitin goge-goge ta nuna duro da haɓa.

"Ga su can suna ci, yallaɓai. Shafi arba'in da biyu."

"Lissafin yana nan," in ji Ƙwararre da sauri, yana ƙwanƙwasa hular ƙarfe. "Takarda ai ta masu mantuwa ce."

"Kashe wutar nan yanzu!"

"Abin da zan yi ke nan, ranka ya daɗe. Jama'a, ku ƙirga min goma. In kun kai goma da sauran hayaƙi, ku canja min suna."

Ya ciro waya, ya sa ta a amsa-kuwwa don kowa ya ji yadda ake ba da umarni. "Baba! Kunna! Duka biyun!" Ya jefa ta a aljihun kwat, ya rungumi mesa, ya murɗa.

Jama'a suka ɗauka: ɗaya, biyu, uku. Mesa ta ɗan motsa kamar za ta yi abin kirki. Huɗu, biyar, shida. Can ƙasa aka ji wani gurnani, ginin ya ɗan yi rawa a tafin ƙafa. Bakwai, takwas. Sai ga wata ƙara daga ƙasa, daram, kamar an yar da tanki daga sama. Tara. Goma.

Mesa ta yi gyatsa.

"Sha ɗaya," in ji tela. "Sha biyu. A ci gaba ne, ko a huta?"

"Yana hanya! Hawa goma sha biyar wasa ne?"

Daga aljihun kwat muryar mai gadi ta fito, a natse kamar kullum. "Ƙwararre, ruwan ya iso wajenku?"

"Bai iso ba tukuna!"

"To, ai nan ya tsaya. Gaɓar da ka yi wa walda jiya ta ɓalle. Mesar hawa na ɗaya kuma ta fito da kanta tana dukan bango, ba mai iya zuwa kusa. Ni dai ina kan tebur."

Kowa ya ruga bakin rufi ya leƙa. Ƙwararre ma ya leƙa, ya so da bai leƙa ba. Ruwa ne ke ambaliya ta babbar ƙofa ya malale titi, ruwan da zai kashe gobara goma. Motoci sun tsaya cirko-cirko. A kan ruwan ga yadudduka kala-kala suna tafiya a jere, ga gunkin gwada riga yana bin su a rigingine.

"Shagona!" Tela ya ɗora hannu a ka. "Ɗinkin mutane! Allah ya isa, Ƙwararre, Allah ya isa!" Ya danna lifta, lifta ko motsi, ruwa ya shiga raminta. Ya bi matakala yana zagi, ana jin zagin yana sauka hawa-hawa.

Duk wannan abin an manta da duro. Iska ta kaɗa harshen wuta ya lashi gefen rumfa, yadi ya kama, mata suka sa salati, kujeru suka kife. Ƙwararre ya ga ofis yana suɓuce masa, sai ya koma ga ilimin da ya fi yarda da shi. Ya kwance kan mesa, ya ɗaga ta sama don ɗan ruwan da ya maƙale a ciki ya gangaro, ya danna babban yatsa a baki.

"Ku gani! Matsi!"

Wani siririn ruwa ya yi tsiri, ya bar duro, ya bar rumfa, ya shige kunnen shugaban 'yan kwana-kwana. Daga nan ya ƙare.

Shugaban ya karkata kai, ya girgiza kunnen, ya yi wa mutanensa alama. Suka ciro tukwanen kashe wuta daga jikin bango suka feshe rumfa da duro, cikin ƙiftawar ido wuta ta mutu. Saura guda: wani guntun rumfa ya faɗo a bayan farin kwat, yana ci a hankali, mai kwat bai sani ba, yana ta bayani.

"Ranka ya daɗe, matsalar daga ruwan ne. Ruwan garin nan nauyi gare shi. Ni na yi aiki da ruwa iri-iri..."

"Ƙwararre," in ji Inna, "juyo."

Ya juyo. Ta ɗaga bokitin goge-goge, ruwan da ya wanke matakala hawa goma sha biyar, baƙi ƙirin da kumfa, ta juye masa tun daga hula har takalmi. Wuta ta yi cuu ta mutu. Tsumman goge ƙasa ya sauka a kafaɗarsa ya zauna.

Sai wata mata ta ƙyalƙyale da dariya, sai kowa ya ɗauka, har da mutanen shugaban suna juya baya suna riƙe ciki.

Cikin dariyar nan Injiniya ta ɓullo daga matakala, siket a jiƙe har gwiwa, tana numfashi sama-sama. Daga tasha ta wuto kai tsaye don ta riski gwajin. Ta gaida shugaban, ta gaida mai ginin, sannan ta juyo ga kawunta. Idonta ya yi ja, kuma ba hayaƙi ne ya sa ba.

"Kawu, na biyo bututunka tun daga ƙasa. A hawa na shida na ce rashin lafiya yake yi. A na sha ɗaya na ce ya rasu."

"'Yar nan, ki saurara..."

"Sunana ne a kan aikin nan. Da gobarar gaske ce, da mutane a ɗakunan nan da 'ya'yansu, da yatsa za ka kashe ta? Ina fayil ɗina?"

Kowa dai ya dubi duro.

Shugaban ya gama rubutu ya yage takarda ya miƙa wa mai ginin. "Ba mai tarewa. A kwance komai, a ɗaura abin da lissafi ya ce, sannan a kira ni. Kuma in na dawo na ga mutumin nan riƙe da sifana, rufe ginin zan yi gaba ɗaya."

Masu haya suka yi ca a kan mai ginin, wannan ta ce kayanta na cikin mota, wancan ya ce ya riga ya bar tsohon gida. Mai ginin ya ratsa su ya zo gaban Ƙwararre, ya miƙa tafin hannu.

"Makulli."

"Yallaɓai, ƙaramin gyara ne. In aka ƙara inji na uku..."

"Makulli!"

Ƙwararre ya juya ga 'yar ƙanwarsa, murya ta yi laushi. "Ki sa baki mana. Ni ne fa kawunki. Ni na goya ki."

"Na gode da goyo, Kawu. Lissafin yana cikin kwamfutata, gobe zan sake bugawa. Bututun da ka ɗaura kuma, in an kwance, kai za ka sauko da shi a kafaɗa, tunda ka kashe lifta."

Ya ciro makullin. Mai ginin ya karɓa, bai ko duba ba ya miƙa wa Inna.

Saukowar nan ita ce tafiya mafi tsawo da Ƙwararre ya taɓa yi. Takalmi na caɓal-caɓal, kwat na ɗiga, a kowane hawa akwai wanda ya tsaya ya tambaye shi ko ruwan ya iso. A ƙasa ruwa ya kai idon sawu, tela na tsamo yadi yana matsewa yana masa addu'ar da ba a amsawa da amin. Ƙofar ofis a buɗe take. Inna ta riga shi sauka, ta fitar da jakarsa mai jan fenti ta ajiye a cikin ruwa, tana jera tsintsiyoyinta a inda suke da.

Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya daɗe a tsaye. Sannan, da ya ga ba ta da niyyar juyowa, ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa.

"Wane ne?" in ji Inna, tana kallonsa.

"Allon kawai nake so. Ni na sa aka yi shi."

Inna ta dubi allon tagulla, ta sa bakin zane ta goge shi har ya yi ƙyalli. "Me aka rubuta a nan?"

"Shugaban ruwa."

"To a ginin nan yau, wa ya kai ruwa hawa na goma sha biyar?"

Ta ɗauki bokitin, ta ɗora shi a kan kujera mai juyi, ta gyara masa zama a gaban tebur, ta fito ta ja ƙofa ta murɗa makulli sau biyu.

"Shugaba ya shiga ofis, kada a dame shi," ta ce. Ta miƙa wa Ƙwararre sandar goge ƙasa. "Fara daga shagon tela."